Gara Gidan Yari da Faɗar Sunana

Shekarun baya can, muna sababbin zuwa Gyaɗi-Gyaɗi, saura ƙiris a ɗaure mahaifiyata a kaina. Ba ta dake ni ba, ba ta hana ni abinci ba. Laifinta kawai ni ne ɗanta na fari.

Bari in yi wa 'yan birni bayani, domin na san cikin masu karanta wannan akwai waɗanda iyayensu mata ke kiransu da sunansu har da ƙarin kirari. Mu daga ƙauye muka taso, kuma a garinmu mace ba ta faɗar sunan ɗanta na fari. Ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta yabonsa, in aka tambaye ta ɗan waye sai ta kau da kai. Kunyar ɗan fari ke nan. Ni kuwa tawa ta zo biyu, domin sunan kakana na wajen uba aka sa min, wato sunan surukinta. Ko da ta yafe kunyar fari, ta suruki tana nan tana jiranta. Saboda haka na tashi da sunaye iri-iri a bakinta, ba ko ɗaya da aka yanka wa rago. In tana cikin raha, ni ne "Mai sunan Malam". In aike ne, "Kai wannan". In na yi ɓarna kuwa, "Yaron nan na gidan nan", sai ka ce a bakin kwata aka tsince ni. Ni ma ban taɓa ce mata Inna ko Umma ba. Yaya nake ce mata, domin haka na ji ƙannen mahaifina suna kiranta tun ina rarrafe, kuma ba wanda ya gyara min.

Ƙannena su ne 'yan gata. Ana kiransu da sunansu, ana yi musu waƙa, ana ɗora su a cinya ko da baƙi a gida. Ni ranar da na zo na ɗaya a ajinmu, na shigo da gudu ina ɗaga sakamako, sai ta dubi bango ta ce, "To, wasu dai sun yi ƙoƙari." Da daddare ina cin tuwo na ji yatsana ya taɓo wani abu a ƙasan malmala. Tsokar nama ce aka binne, ba a bar ko alamarta a sama ba. Haka muke zaune da ita. Ban taɓa shakkar tana sona ba, amma ba zan ɓoye muku ba, ina kishin yaran da ake ƙwala wa kira da sunansu daga cikin gida, ko da kiran na duka ne.

Mahaifina adaidaita sahu yake tuƙawa, shi ne ma dalilin dawowarmu birni. Muka kama ɗaki biyu a wani gidan haya mai tsakar gida ɗaya da matan aure da yawa, inda ko tari ba a yi a ɓoye. Lokacin ban fi shekara goma sha biyu ba, kuma ba ni da wata sana'a sai kiwon tantabaru.

A shekarar ce aka yi wata shari'a da ta hana unguwa sakat. Wani magidanci can ɓangaren Tarauni ya riƙa dukan ɗansa da wayar wuta, yau da gobe, har ran nan yaron bai tashi ba. Alƙali ya ɗaure shi shekaru masu yawa, aka faɗa a rediyo da safe, aka maimaita da yamma. A teburin mai shayi aka rabu biyu. Wasu suna cewa tun da suke ba su taɓa jin an ɗaure uba a kan ɗan da ya haifa ba, nan gaba kuma sai a hana mutum tsawata wa iyalinsa. Wasu suna cewa ɗaurin ma ya yi kaɗan, da su ne alƙali da ba a sake ganinsa a waje ba. Mai shayin kansa, wanda ba ya sa baki a gardama don kada ya kori masu saye, ranar sai da ya ajiye kofi ya ce ɗa amana ne, wanda ya ci amana kuwa a hukunta shi ko da shi ya haifa.

Mu yara ba mu gane nauyin abin ba. Abin da muka fahimta kawai shi ne yanzu mu ma muna da alƙali. Wani abokina ne ya fara gwada sa'arsa. Mahaifinsa ya ɗauko tsumagiya don ya ƙi zuwa Islamiyya, sai ya ja da baya ya ce, "Baba, ana ɗaure mutane fa yanzu." Ya ce min bulala uku aka yi niyya, wannan magana ce ta ninka ta. Iyaye mata su ma sun canja. Matar da ta saba cika gida da "Wallahi yau sai na kashe ka" sai ta koma faɗa ƙasa-ƙasa tana waigen katanga. Mahaifiyata dai ba ta rage murya ba, ta ce ita rediyo bai haifa mata kowa ba.

Wata Asabar da hantsi, wata sabuwar tantabarata ta hau rufin maƙwabta ta ƙi sauka. Na watsa dawa, na yi fito, na haɗa ta da girman Allah, ta dube ni ta juya baya. Sai na tuɓe riga na hau katanga, daga katanga na taka kwano. Kwanon nan ya girme ni nesa ba kusa ba. Na miƙa hannu ke nan ya lotsa, na sulale, na faɗo ta baya a kan tarin ƙiraren da wata mai ƙosai ta gidanmu ta jingine a lungu. Ƙiraren suka zane min baya tun daga wuya har kwankwaso, layi-layi, duk wanda ya gani zai rantse bulala ce. Hannuna na dama kuwa ya lanƙwashe a inda Allah bai sa gwiwa ba. Tantabarar ta sauko don kanta ta hau cin dawa.

Mahaifiyata ce ta fara isowa, hannunta duk kumfar wanki. Na ga fuskarta a wannan ɗan lokacin, kuma har yau ban manta ba. Amma tana jin takun sauran matan gida a bayanta sai ta haɗiye komai, ta goge hannu a zani, ta ce, "Yaron nan na gidan nan ya jawo wa mutane aiki." Mata suka hau shawara, wannan ta ce a kira mai ɗori, waccan ta ce a shafa man shanu tukuna. Ita dai ta dubi hannun sau ɗaya ta ce asibiti. Ta kwance ƙanwata daga baya ta miƙa wa mai ƙosai, ta zura hijabi, ta ce bari ta raka ni tunda ba kowa, kada a ce an bar ɗan mutane a yashe. An kira wayar mahaifina ba ta shiga, an ɗauke shi shata zuwa wani ƙauye tun da sassafe.

A cikin adaidaitar da muka tara, ta jawo kaina cikin hijabinta inda direba ba zai gani ba. Hannunta na kan kunnena, tana karanto duk addu'ar da ta sani. Muna tsayawa a ƙofar wani ƙaramin asibiti a Tarauni ta sake ni, ta matsa gefe, ta ce, "Kai wannan, sauka."

Nas ɗin da ta karɓe mu 'yar kudu ce, babbar mace mai tabarau, irin waɗanda in suka ce zauna sai ka zauna kafin ka nemi kujera. Tana jin Hausa sosai, sai dai "kai" da "ke" duk ɗaya ne a wurinta. Benci cike yake da masu jiran likita, maza da mata, kowa ya zuba mana ido.

"Madam, yaron ki ne?"

Mahaifiyata ta ɗaga kai tana kallon fanka. "Ɗan gidanmu ne."

"Na ce kai ka haife shi?"

"Na mutane ne."

"Wane mutane? To mene ne sunan shi?"

"Ga shi nan ai, tambaye shi. Hannu ya karye, ba baki ba."

Nas ta dube ta ta saman tabarau, sannan ta juya ni don ta ga inda jini ke fitowa. Tana ganin bayana ta cire tabarau ɗin gaba ɗaya, ta kira sunan Yesu a hankali. Ta sunkuyo ta tambaye ni wace ce wannan matar, ni kuma na faɗi abin da na saba faɗa tun da na iya magana.

"Yaya ce."

"To ina mama?"

Na saci kallon mahaifiyata, ta watso min harara irin ta "ka kuskura". Na nuna ta da haɓa na ce, "Ita ce dai."

"Yanzu ka ce yaya, yanzu ka ce mama. Me ya same ka a baya?"

"Faɗowa na yi."

Ban san abin da ke cikin wannan amsa ba, amma ina faɗarta fuskar matar nan ta canja. Ta ɗauke ni cak, ta kai ni wani ɗaki ta kwantar, ta bar ƙofa a buɗe don ta riƙa ganin mahaifiyata kada ta gudu. Ta tallafe hannun da wani ɗan katako, ta goge min fuska da tsumma mai sanyi, ta yi min alƙawarin lemon kwalba da biskit in an gama. Sannan ta ce, "Ɗana, kada ka ji tsoro, faɗa min gaskiya." Jama'a, ranar ce rana ta farko da wata mace ta ce min "ɗana". Duk da azabar da nake ciki sai da na ji wani sanyi a raina. Nan take na ƙudura cewa matar nan ba zan yi mata ƙarya ko ɗaya ba, kuma gaskiyar tawa ce ta ƙarasa jiƙa mana aiki.

"A gida da wane suna take kiran ka?"

"Kai wannan."

"Tana dukan ka?"

"Wani lokaci. Da bayan ludayi."

"Ta taɓa cewa za ta kashe ka?"

"Kullum. Ko jiya ta faɗa."

"Daga ina aka kawo ka?"

"Daga ƙauye."

"Kana yin aiki a gidan?"

"Ni nake ɗebo ruwa, ni nake kai niƙa."

Nas ta miƙe tana huci. Ta gama haɗa labarinta: an ɗauko ɗan mutane daga ƙauye ana bautar da shi, yau kuma duka ya kai ga karaya. Ta tura masinja ofishin 'yan sanda da ke kusa, ta tsaya a bakin ƙofa ta riƙe ƙugu.

Ɗan sandan da ya zo matashi ne, ɗan birni, wandonsa ya sha guga. Ya leƙo ya ga bayana ya yi salati, ya koma kan mahaifiyata da tambayoyin da aka riga aka yi mata. Amsoshin ma ba su canja ba. Nutsuwarta kuma ta zama wani laifin, domin nas sai nuna ta take tana cewa, "Ofisa, dubi, ko hawaye babu." Wata tsohuwa a benci, wadda ta zo a duba mata hawan jini, ta kasa haƙuri ta sa baki.

"Kai ɗan nan, ba ka da ido ne? Ɗan farinta ne, kunya take ji. Dubi goshin yaron ka dubi nata."

"Iya, goshi ba shaida ba ne," in ji shi. "Kuma wannan kunyar ai ta tafi da kakanninmu. Ni ma ɗan fari ne, Mamana da sunana take kirana, har hotona ta sa a fuskar wayarta."

"Shi ya sa ka fito haka," in ji tsohuwar.

Benci ya kwashe da dariya, wannan kuma ya ƙara tunzura shi. Ya gyara tsayuwa, ya ja bel ɗinsa sama, ya ce abin ai mai sauƙi ne. "Hajiya, in ɗanki ne, buɗe baki ki ce ɗana ne, ki faɗi sunansa kowa ya ji. In kin ƙi, mu tafi ofis, ranar Litinin sai kotu. Kin dai ji abin da alƙali ya yi wa mutumin nan na rediyo."

Daga kan gado na ƙwala ihu, "Wallahi ita ta haife ni!" Na faɗi sunana da bakina, ɗan sanda ya ce ba ni ya tambaya ba. Nas ta dafa kaina ta ce in kwantar da hankali, matar nan ba za ta sake taɓa ni ba.

Na san mahaifiyata da tsoron mai kaki, mace ce da in ta hango ɗan sanda a titi sai ta tsallaka ɗaya gefen. Na kuma san akwai jaririya a gida da ba ta san komai ba sai nono. Ta tsura wa yatsun ƙafarta ido. Can sai ta miƙe, ta gyara hijabi, ta zura silifas, ta dubi tsohuwar nan ta ce, "Iya, don Allah in an samu mai zuwa Gyaɗi-Gyaɗi, a ce wa mai ƙosai ta dama wa yarinya koko." Sannan ta juya wajen ɗan sanda.

"Ta ina ake bi?"

Bawan Allah ya bi ta da kallo. Ina jin bai taɓa kama wanda ya riga shi zuwa ƙofa ba. Ya sassauta murya ya ce, "Hajiya, kalma biyu ce fa." Ta ce, "Na ji. Mu je." Ni kuwa na fashe da kuka, kuma ba na hannu ba ne. Rabi tsoro ne, ga shi za a tafi da ita a kaina. Rabin kuwa haushi ne tsagwaronsa. Wato sunana ya yi nauyin da gara ta kwana a bayan kantar 'yan sanda da ta ɗauke shi a bakinta?

Suna bakin ƙofar fita likita ya shigo ɗakin da nake, wani siririn mutum da gajiya ta cika wa ido. Bai tambayi dalilin taron ba. Ya kwance katakon, ya matsa yatsuna ɗaya bayan ɗaya, ya tambaye ni ko ina ji. Na ce sama-sama. Ya ce wa nas yatsun sun fara sanyi, ƙashin ya danne hanyar jini, dole a sa ni barci a gyara yanzu.

"Ina uban? Ina uwar? Sai ɗayansu ya sa hannu."

"Ba mu same su ba tukuna," in ji nas.

"To a nemo su da wuri. In aka kai la'asar a haka, ban yi alƙawarin hannun nan ba."

Bai ɗaga murya ba, amma maganar ta kai bakin ƙofa. Na ji silifas sun tsaya. Sai na ji sun juyo da sauri, ɗan sanda yana "Hajiya, Hajiya" a baya. Ta shigo har gaban gadon. Ba ta dube ni ba, likita ta duba. Sai ta faɗi sunana. Cikakke, haɗe da na mahaifina, da ƙarfin da na tabbata masu sayar da lemo a bakin titi sun ji.

"Ɗana ne. Ni na haife shi, da damina, a ɗakin uwata, na kwana biyu ina naƙudarsa. Yana da tabo a tafin ƙafar hagu, lauje ya taka yana koyon tafiya, ni na goya shi a ƙafa har garin da ke da asibiti. Ba ya cin kuɓewa. In zazzaɓi ya kama shi sambatu yake yi. Tsoron kyankyaso yake ji. Ya yi fitsarin kwance har ya shekara bakwai..."

"Yaya, ya isa!" na ce.

Shekara da shekaru ina jiran wannan rana, ga ta ta zo, ga kuma benci guda na mutane sun leƙo suna sauraron tarihin tabarmata. Amma ba ta ko ji ni ba.

"Nawa ne," ta ce. "Ku gyara min hannun ɗana. In kun gama ku ɗaure ni, ba zan gudu ba."

Ta miƙa babban yatsa, aka shafa tawada, ta dangwala. Tana gamawa ta ja hijabi ta rufe fuska ruf, ta sulale ta zauna a ƙasa jikin bango. Tsohuwar nan ta dogara sanda ta zo ta tsaya a kanta tana kare ta daga idon mutane, tana cewa, "Kun ga abin da kuka ja. Kun sa baiwar Allah ta faɗa." Ɗan sanda ya ɗaga ƙafata ta hagu ya ga tabon, ya mayar da ita a hankali kamar ƙwai. Daga nan aka yi min allurar barci.

Na farka da yamma, hannuna a sanƙame cikin farin ɗauri mai tauri, yatsuna suna motsi. Ina barci ashe an gama shari'ar. Likita ya zare sartsen ƙirare daga bayana ya tara a faranti, ya nuna wa ɗan sanda ya ce bulala ba ta barin wannan. Mai ƙosai kuma ta iso da jaririya da rabin matan gidanmu, ta ba da shaidar da ba a tambaye ta ba, mafi yawanta a kan ƙirarenta da na ragargaza. Ɗan sanda ya ba da haƙuri ya zame, tsohuwa ta raka shi da addu'ar Allah ya ƙara masa ido.

Mahaifina ya iso a gigice, ƙura har gira. Da aka tabbatar masa hannu ya tsira, aka kuma ba shi labari tun daga farko, sai ya yi dariya har ya dafa bango. Ya share hawaye ya ce, "Tsaya, da gaske ta faɗi sunan Malam?" Aka ce ƙwarai, har da na mahaifin yaron. Ya ce, "Har da nawa? Tun da na aure ta ban taɓa jin sunana a bakinta ba, sai ranar da aka ɗauke ni shata?" Ya juya wajen nas ya tambaya ko za a iya maimaitawa. Daga cikin hijabi aka ja masa tsaki.

Nas ba ta yi dariya ba. Ta zo ta durƙusa a gaban mahaifiyata, babbar mace da ita, ta ce yaron nan na rediyo ta san shi. An taɓa kawo shi wani wurin da ta yi aiki, ba sau ɗaya ba. Kowane zuwa uban ya ce faɗowa ya yi, yaron ma ya ce faɗowa ya yi. Ta wanke ciwo, ta ɗaure, ta sallame su. Daga baya sai a rediyo ta ji ƙarshensa.

"Tun ranar na rantse," ta ce, "yaro ya ce min ya faɗo, sai na tambaya har ƙarshe. Madam, ka yi haƙuri."

Mahaifiyata ta ɗan buɗe fuska ta ce, "Tashi, ba ki yi laifi ba. Da ma wancan ya samu mai tsare shi haka."

Lemo da biskit kuwa an cika min alƙawari, na cinye da hannun hagu ban sam wa kowa ba.

Da muka koma gida ta yi kwanaki ba ta yarda mun haɗa ido ba. Tsakar gida ma ta gagare ta, domin da ta fito sai mai ƙosai ta ƙwala min kira da cikakken sunana, sannan ta juyo ta ce, "Ko ban faɗa daidai ba? Ke da kika iya, gyara min." Kafin a kwance min ɗaurin na riga na koma "Kai wannan", kuma ban yi ƙorafi ba.

Yanzu na girma, ina da nawa 'ya'yan. Har yau in aka yanke wa wani uba ko wata uwa hukunci a kan cutar da ɗansu, gardamar teburin mai shayi tana nan yadda na bar ta, sai dai ta koma cikin waya. Ni dai ina bayan alƙali, ina kuma bayan nas ɗin nan, duk da wunin da ta sa mu a ciki. Tambayar da ta kunyata mahaifiyata na yini ɗaya, ita ce aka ƙi yi wa wancan uban har yaro ya tafi. An ce shi a gaban alƙali ma cewa yake ɗansa ne, ba mai iko da shi sai shi. Mahaifiyata kuwa cewa take na mutane ne. Ina yaro maganar tana yi min ciwo. Sai da na haihu na ga gaskiyar da ke cikinta, domin in ɗa na mutane ne, to mutane suna da damar su duba bayansa su yi tambaya, kuma uwar kirki ba za ta riƙe su a rai ba.

Kwanaki na je gaishe ta. Ta tsufa yanzu, jikoki sun kewaye ta, kuma ɗana na fari ba ya shan ruwa ba ta kira sunansa ba, har da tsokanar shi ne mijinta. Na ga tana cikin raha, sai na tuna mata da ranar asibitin Tarauni.

"Ni? Na faɗi sunan wa?"

"Nawa, Yaya. A gaban likita, a gaban kowa."

"Allah ya sawwaƙe. Allurar barcin nan ce ta sa ka jiye-jiye. Kai wannan, miƙo min buta."

Na miƙa mata buta, ban yi musu ba. Amma ni na san ba a yi min allurar ba sai da ta dangwala yatsa.